Me Ke Sa Mutum Ya Ji Gari Nasa Ne?

(Jawabin da aka gabatar a zaman magidanta na ƙungiyarmu a Wulari, Maiduguri. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba.)

 

 An ce in yi magana a kan abin da ke sa mutum ya ji shi ma ɗan gari ne a birni mai tarin ƙabilu irin namu. Ina roƙon dattawa su yi mini haƙuri tun daga farko, domin akwai inda maganar za ta taɓa hukuma, akwai kuma inda za ta taɓa mu mu kanmu.

Bari mu fara da garin. Daular Borno tsohuwa ce ƙwarai, ta haura shekara dubu, amma Yerwa da muke zaune a cikinta sai a 1907 aka kafa ta, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa, wadda Rabe ya rusa a 1893, ya sauka kusa da sansanin Turawa. Ba Kanuri kaɗai suka biyo Shehu ba. Ku duba sunayen unguwanni za ku gane: Shehuri ta mutanen fada, Fezzan ta fataken da suka keto sahara daga ƙasar da ake kira Libiya a yau, Hausari kuwa ba sai na fassara muku ba. Kakanninmu wasu fatauci ya kawo su, wasu almajirci, domin mu Hausawa in mun ce yaro ya tafi gabas, nan muke nufi. Wasu kuma niyyar hajji suka ɗauro a ƙafa, guzuri ya ƙare a nan, suka ce bari a yi damina ɗaya, ga jikokinsu a zaune cikinmu. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kwaso nasa mutanen: Babur da Margi da mutanen Gwoza da Chibok daga kudancin Borno, Shuwa, Fulani, Ibo, Yarbawa, mutanen Chadi da Kamaru da Nijar.

Na kawo wannan tarihi ne da sharaɗi. Kada wani yaro ya fita daga nan ya ce an gaya mana kowa baƙo ne a Maiduguri, don haka babu mai gari. Wannan maganar banza ce, kuma irin ta ce ta hura wuta a wasu garuruwa. Ƙasar nan ta Borno ce, Shehu ne ubanta, Kanuri ne suka riƙe ta tun kafin a san za a yi Nijeriya. Abin da tarihin ya nuna shi ne an gina garin da masaukin baƙi a cikinsa tun ranar farko, kuma masu masaukin ne da kansu suka ba unguwarmu suna.

To yaushe mutum yake jin shi baƙo ne? A kasuwa ba ka ji. A Kasuwar Monday, ko Gamboru, ko kasuwar kifi ta hanyar Baga, ba mai tambayarka garinku kafin ya karɓi kuɗinka. A masallaci ba ka ji. Ranar da kake ji ita ce ranar da yaronka ya gama sakandare, ya zo cike takardar shiga jami'a, ko aikin soja, ko ɗan sanda, ko neman tallafin karatu, aka ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda duk muke kira indijin. Yaron a nan aka yanke cibiyarsa, ubansa ma a nan aka haife shi, kakansa yana kwance a maƙabartar Gwange. Sai a ce ya tafi garinsu. Ya hau mota a Tashar Kano ya tafi wani ƙauye a ƙasar Katsina ko Haɗeja, ya tarar dagacin bai san shi ba, wanda ya san kakansa ya rasu tuntuni. Nan an ce ba ɗan nan ba ne, can an ce ba a san shi ba. Akwai iyaye a wannan zaure da suka yi wannan tafiya da 'ya'yansu, sun fi ni sanin ɗacinta.

Mu duba abin da doka ta ce, domin da yawanmu muna jin tsoron abin da ba mu karanta ba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zirga-zirga da zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Sashe na 42 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa, ko jinsinsa, ko ra'ayinsa na siyasa. Waɗannan uku suna cikin babi na huɗu, wato wanda in an taka maka shi kana iya zuwa Babbar Kotu kai tsaye, kamar yadda sashe na 46 ya tanada. Akwai kuma sashe na 15, wanda ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin mazauni a duk inda yake, har ya ce a ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu. Sai dai shi yana babi na biyu, kuma sashe na 6 ya ce kotu ba ta tilasta abin da ke wannan babi. Magana ce mai daɗi da ba ta da haƙora.

Matsalar ta taso ne daga wani ɓangare na littafin nan guda. Sashe na 14 ya ce a raba muƙamai yadda kowane yanki zai samu, sashe na 147 ya ce a ɗauki minista daga 'yan asalin kowace jiha, amma ba a tsaya an fayyace wane ne ɗan asali ba. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, ita ce ta fitar da ƙa'ida: ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan asalinta ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta karɓe shi a matsayin ɗanta. Ku riƙe wannan rabi na biyu da kyau. Ma'anarsa ƙofa ba a kulle take ba, amma mabuɗin yana hannun ƙaramar hukuma, ita kuma tana dogara da sa hannun Bulama da Lawan. Shi ya sa za ka ga gida biyu, kakanninsu ayari ɗaya suka zo, wannan 'ya'yansa suna karɓar takarda ba gardama, wancan ana ta juya su. Abin da babu rubutacciyar ƙa'ida a kansa, sanayya ce ke yanke shi, wani lokaci kuma abin da ya fi sanayya muni. Ƙa'idar ta kuma ce mutum ba ya riƙe ƙaramar hukuma biyu, kuma matar aure asalin gidansu take ci gaba da riƙewa. Iyayenmu mata su lura da wannan.

An yi ƙoƙarin gyara. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kai ƙudirin da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha, ko ya yi aure a cikinta, matsayin ɗan asali. Aka yi ca a kansa daga sassa daban-daban, ya janye shi. Ni ban yi mamaki ba. Kowa yana son a buɗe wa ɗansa ƙofa a garin wasu, ba ya son a buɗe wa ɗan wasu a garinsa. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano, ubansa ma a can aka haife shi, mun yarda a ba shi indijin na Fagge? In amsarmu a'a ce, to mu rage ƙarfin murya a nan.

Akwai shari'a guda da ya kamata kowane mazaunin garin nan ya sani, domin a nan aka yi ta. A watan Janairu na 1980, gwamnatin tarayya ta sa aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne saboda asalin mahaifinsa. Aka kai ƙara Babbar Kotun Maiduguri, kotu ta ce ɗan Nijeriya ne, ba wanda ke da ikon korarsa, ta kuma ce a biya shi diyya. Ya dawo gida. Abu biyu nake so mu ɗauka. Tambayar "kai ɗan ina ne" makami ce da ake zarowa in siyasa ta yi zafi, kuma ba ta bar babban mutum mai kujera a majalisa ba, balle mai tireda. Sannan kotu ce ta dawo da shi. Ba a ƙona gidan kowa ba.

Ku kwatanta da inda aka bi ɗaya hanyar. A Zangon Kataf a 1992, kan maganar tashin kasuwa aka fara. A Jos a 1994 da 2001, kan naɗin Bahaushe a muƙami aka fara, a 2008 kuma kan zaɓen Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa. An rasa rayuka masu yawa daga kowane ɓangare, kuma takardar da aka yi faɗan dominta har gobe tana nan yadda take. Abin da aka samu shi ne garin da ya rabu, unguwar Musulmi daban, ta Kirista daban, mai keke yana tsayawa a wata mahaɗa ya ce iyakarsa ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi da naka.

Wannan ya kawo ni kan Wulari. Alherin da muke da shi a unguwar nan, wanda ba mu cika gode wa Allah a kansa ba, shi ne har yanzu a cakuɗe muke. Ga masallaci ga coci, ga Bahaushe ga Bamargi katanga ɗaya, yaransu rijiyar burtsatse ɗaya suke layi. An jarraba wannan zama a Fabrairun 2006, lokacin da zanga-zangar zanen ɓatanci ta rikiɗe aka ƙona coci-coci aka kashe mutane a garin nan, aka sake jarraba shi a Yulin 2009 da shekarun da suka biyo baya. Maƙwabtanmu Kirista ba su manta ba, kuma bai kamata mu yi kamar mun manta ba. Yawancinsu 'yan asalin jihar nan ne, suna da takardar da mu ba mu da ita, amma ku zauna da su ku ji, za su gaya muku akwai wuraren da su ma suke jin kamar baƙi, wajen neman filin ibada ko haya a wasu unguwanni. Ashe takarda kaɗai ba ta sa mutum ya ji gari nasa ne. Mu muna da harshen kasuwa da addinin masu rinjaye, ba mu da takarda. Su suna da takarda, suna rasa wani abin. Wanda yake neman a yi masa adalci a ofishin ƙaramar hukuma, ya dawo gida ya hana ma'aikaciyar asibiti haya don sunanta Maryamu ba Maryam ba, ko ya bar yaransa suna kiran ɗan maƙwabci arne, wannan ya kashe hujjarsa da hannunsa.

Sai maganar harshe, kuma a nan laifin namu ne. Hausa ta zama harshen gari. Bakanure da Babur in sun haɗu a tasha da Hausa suke magana, yaran Kanuri da yawa a cikin gari Hausa ta fi zama a bakinsu. Mu muna ganin wannan sauƙi ne, amma ku sa kanku a matsayin dattijon da yake ji jikansa ba ya iya mayar masa da gaisuwa da harshen kakanninsa, a garin Shehu. Tsoron da ke sa a riƙe takarda gam, wani ɓangarensa daga nan yake. Mutum ya shekara 40 a Yerwa bai iya ko wushe da lale ba, yana kuma mamakin ana ce masa Afuno! Alhali masana harshe sun nuna kalmomi irin su kasuwa da karatu da rubutu daga Kanuri muka aro su, haka sarautun Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla. Mun ci bashi tun da daɗewa. Ni shawarata, kowane gida ya sa yaransa su koyi Kanuri, ko da na gaisuwa da ciniki da ta'aziyya ne. Wanda ya taɓa shiga zaman makoki ya yi gaisuwa da harshen masu gida ya san yadda fuska ke sakewa.

Wahala ma ta koya mana abin da zaman lafiya bai koya mana ba. Da aka hana acaɓa a 2011, ba a tambayi ƙabilar mai babur ba, kowa ya ajiye. Da aka yanke layukan waya a 2013, kowa ya shiga duhu. A shekarar nan ce matasa suka tashi da gora, kuma daga Hausari abin ya faro kafin ya bazu ko'ina, yaran Kanuri da Hausa da Shuwa da Babur a shinge ɗaya. Ba wanda ya nemi indijin kafin ya ba yaro sanda ya ce ya tsare bakin layi, kuma da yawansu ba su dawo gida ba. Da mutanen Bama da Gwoza da Baga da Dikwa suka kwararo a 2014 da 2015, mafi yawansu ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane suka sauka, har da gidajen wasu da ke zaune a nan. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta yi a 1994, ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday wadda ba ta daɗe da farfaɗowa daga gobarar Fabrairun 2023 ba, ya shiga Gwange da asibitin koyarwa. Wanda ya miƙo maka hannu daga cikin kwalekwale bai tambayi garinku ba.

Amma bayan ruwa ya janye sai aka zo rubuta sunaye, kuma a nan darasin yake. Rabon tallafi ta hannun masu unguwa yake bi. Wanda Bulama ya san shi, ya san ƙofar gidansa da yawan iyalinsa, sunansa ya fi saurin hawa takarda. Wanda ya shekara 20 a layi bai taɓa zuwa gaishe da Bulama ba, ba ya zuwa gayyar yashe kwata, ba ya ba da kuɗin gyaran taransifoma ko na 'yan sintiri, ranar rabo sai ya ce an nuna masa ƙabilanci. Wani lokaci gaskiya ne an nuna masa. Wani lokaci kuwa ba a san shi ba ne kawai.

Kuna tune da abin da ya faru a Fabrairun 2020, da Gwamna Babagana Umara Zulum ya kai ziyarar ba-zata wata firamare da sassafe, ya tarar da malama ɗaya tak ta riga kowa zuwa, 'yar asalin Jihar Abiya, ta shekara 31 tana koyar da 'ya'yan Borno. Ya yi mata kyauta, aka ƙara mata girma, ƙasa duka ta yaba, ni ma na yaba. Abin da nake so mu lura shi ne, ba kowace malama ce gwamna zai tarar a bakin aji ba. Abin da muke roƙo a wurin hukuma shi ne ƙa'ida a rubuce, a manne a bangon sakatariyar MMC da ta Jere: ga sharuɗɗan samun takarda, ga shekarun zama, ga shaidun da za a kawo, ga kuɗin da za a biya da rasit, ga inda za ka kai kuka in an hana ka. Ko sharaɗin ya yi tsauri, in a rubuce yake kuma kowa shi ake bi da shi, zuciya za ta kwanta. Da ladabi za mu nema, ta hannun iyayen ƙasa da kansiloli, tare da sauran al'ummomin da abin ya shafa, domin Bayarabe da Ibo da Tibi na garin nan ciwonmu ɗaya.

Kansila kuwa ba ya jin maganar wanda ba ya zaɓe. Rajistar zaɓe ba ta neman indijin, inda kake zaune nan doka ta ce ka yi. Tsayawa takarar majalisar jiha ma, sashe na 106 bai sa asali cikin sharuɗɗa ba. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko da ƙuri'ar mutanen can. Mu kuwa har yanzu akwai masu cika mota su tafi Kano ko Jigawa ranar zaɓe, su zaɓi wanda ba zai taɓa ganin kwatar ƙofar gidansu ba. Hukumar INEC tana karɓar buƙatar sauya rumfa in ta buɗe rajista, a yi amfani da damar.

Kafin in zauna, ga abin da ke hannunmu tun yau. Duk jaririn da aka haifa a karɓar masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a yi wa kowa lambar NIN, a adana takardun firamare da rasit na haraji da na haya, domin su ne shaidar daɗewa ranar da za a nema. Wanda ya sayi fili kada ya tsaya a takardar ciniki da shaidu biyu, ya bi ta hukumar BOGIS ya yi rajista. Wanda har yanzu yake da dangi a garin asali ya kai yaransa a san su tun dattawan suna raye, kada a jira ranar cike fom. Kuma don Allah kada a sayi takardar bogi. Ana tantancewa a wajen ɗaukar soja da ɗan sanda, yaro ya rasa aikin ya kuma shiga hannu, sannan a shafa wa sauranmu baƙin jini. Wanda aka hana ɗansa shiga firamare ko ƙaramar sakandare ta gwamnati saboda asali, ya sani dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Irin wannan ƙorafi ana kai shi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, duk suna da ofis a garin nan kuma ba a biyan kuɗi. A rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa tun abin yana sabo.

Sakatare ya ce in sanar cewa a zama mai zuwa kowane magidanci ya zo da sunayen yaransa da suka kai aji uku na babbar sakandare, da bayanin wace takarda suke da ita, wace ce babu, don a san waɗanda za a fara raka wa wurin Bulama. Iyaye mata da mazansu suka rasu su ba da nasu ta hannun shugabar mata.